Sabon magatakarda ya shigo ma'aikatunmu

Shekaru kaɗan ke nan da wani baƙo ya shigo ma'aikatun ƙasar nan ba tare da sallama ba. Ba a ɗauke shi aiki da takarda ba, ba ya cikin jerin masu karɓar albashi a ƙarshen wata, amma a yau wasiƙu da rahotanni da takardun koke da yawa da ke yawo tsakanin biro da biro a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai hannunsa a cikinsu. Muna magana ne a kan abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ko kuma IA a bakin masu Faransanci. Tun ranar 30 ga watan Nuwamba na shekara ta 2022 da kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT, sauran kamfanoni suka biyo baya da nasu, irin su Gemini na Google da Copilot na Microsoft, duk wanda ke da wayar salula mai intanet ya samu magatakarda a cikin aljihunsa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya rubuta wa na'urar umurni, ya ce mata ga abin da yake so, ita kuma cikin ƙiftawa da bismilla ta mayar masa da rubutu tsaf. Da farko an fi sa ta fassara da gyaran nahawu. Yanzu kuwa an kai ga tambayar ta yadda za a amsa wa shugaba mai fushi, da yadda za a shawo kan abokin ciniki, da yadda za a yi da abokin aikin da aka samu saɓani da shi. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu yi magana, domin abin ya wuce batun rubutu, ya taɓa zamantakewar mutane a wurin da suke neman abincinsu.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, na'urar nan magatakarda ce mai amfani ƙwarai, kuma abokiyar shawara ce ga wanda ya iya tambaya, amma ba ta cancanci kujerar alƙali ko ta mai sulhu ba, saboda kusan kullum bakin mutum ɗaya take ji.

Mu fara da alherin da ke cikin abin, don kada a ce mun zo ɓata shi. Dattawan cikinmu ba su manta da masu rubuta wasiƙa da ke zama da ɗan teburinsu a bakin gidan waya da ƙofar kotu ba, har gobe ma akwai su. Mutum zai zo da maganarsa a baki, a zuba masa ita cikin Faransancin da hukuma ke karɓa, ya biya ya tafi. Buƙatar da ta haifi wannan sana'a tana nan daram. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ma'ana takardun ma'aikatu da yawa da harshen da ba a sha a nono ba ake rubuta su. Ma'aikata nawa ne suka san aikinsu kamar yunwar cikinsu, amma da zarar an ce su rubuta rahoto sai gumi ya karyo musu? Nawa ne aka danne musu haƙƙi suka yi shiru, don kawai suna kunyar a ga kuskure a cikin takardarsu a yi musu dariya? Ga irin waɗannan bayin Allah na'urar ta zo da sauƙi babba.

Bincike ma ya tabbatar da haka. A shekara ta 2023 wasu masana biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Shakked Noy da Whitney Zhang, sun buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun ba ma'aikata 453 ayyukan rubutu irin na ofis, kamar gajeren rahoto da sanarwa da wasiƙa mai buƙatar lura, suka bar rabinsu su yi amfani da ChatGPT. Waɗanda suka yi amfani da shi lokacin aikinsu ya ragu da kashi 40 cikin 100, ingancin rubutun kuma ya ƙaru da kashi 18 cikin 100. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, waɗanda tun farko rubutunsu ya fi rauni su suka fi cin ribar abin.

Akwai wani amfanin kuma da ba a cika faɗa ba. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Mutum da yawa sun rasa aiki ko girma saboda saƙo ɗaya da suka aika cikin fushi a dandalin WhatsApp na ma'aikata. Wanda ya saba, kafin ya aika, ya fara ce wa na'ura ta duba masa saƙon ta nuna masa kalmomin da za su iya zama cin fuska, ya samu minti biyar na hucewa, kuma sau da yawa minti biyar ɗin nan su ne tsakanin gyara da ɓarna.

To amma komai ya dogara ne ga irin umurnin da aka ba ta. A ɗauki misalin akawun da shugabansa ya miƙa wa takardar nan ta neman bayani da kowane ma'aikaci ke tsoro, saboda rahoton ƙarshen wata ya makara. Idan ya rubuta cewa, "Shugabana azzalumi ne, ya tsane ni, rubuta mini amsar da za ta nuna masa ni ba bawansa ba ne," abin da ya nema shi zai samu, wato wasiƙa mai kaifi da zai yi nadamar sa mata hannu. Idan kuwa ya ce, "Ni akawu ne, shekarata 6 a wannan wuri. Rahoton ya makara da kwana 3. Kwana 2 daga ciki saboda takardun reshe ba su iso da wuri ba, kwana 1 kuma sakacina ne. Shugaban ya girme ni, kuma ina so mu ci gaba da aiki tare. Taimake ni da gajeruwar amsa mai ladabi, wadda za ta amsa laifina, ta bayyana abin da ba nawa ba ba tare da tona asirin kowa ba, ta kuma kawo shawarar yadda za a kauce wa haka gaba," to zai samu takardar da za ta kare shi ta kuma ƙara masa daraja. Na'urar ɗaya ce, mutumin ma ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne gaskiyar da ya zuba da kuma niyyar da ya zo da ita.

A nan ne babban haɗarin yake, kuma a nan muke so masu karatu su ba mu hankalinsu. Duk wanda ya taɓa zama wurin sasanta mutane biyu, ko a zauren mai unguwa ko a fadar sarki, ya san cewa mai kawo ƙara ba ya kawo laifin kansa. Shi ya sa dattijo ba ya yanke magana sai ya ce a kirawo ɗayan. Ko a gidajen rediyo, shirin muhawarar da aka ba ɓangare ɗaya makirufo aka hana ɗayan ba ya amsa sunansa. Ita na'ura ba ta da ɗan aike. Ba ta san cewa mutumin da aka kai ƙararsa gabanta ɗansa na kwance a asibiti ba, ba ta san cewa mai ƙarar ne ya fara gaya masa baƙar magana a gaban yara ba. Abin da aka faɗa mata kaɗai ta sani, a kansa kuma za ta gina shawararta.

Bayan haka tana da halin bambaɗanci, kuma wannan ba ƙazafi muka yi mata ba. A ƙarshen watan Afrilu na 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT, bayan ya amsa cewa gyaran ya sa na'urar ta cika yabon masu amfani da ita da goyon bayan duk abin da suka kawo mata. An janye wancan gyaran, amma masana sun daɗe suna nuna cewa irin waɗannan na'urori suna karkata ga ra'ayin mai tambaya, domin a wajen horar da su ana la'akari da amsar da mutane suka fi so, ɗan Adam kuwa ya fi son a ce masa yana da gaskiya. Sai a duba abin da zai faru a ma'aikatar da mutum biyu suka saɓa, kowanne ya koma gida da dare ya kai ƙara wurin wayarsa, kowanne kuma wayar ta ce masa an zalunce ka. Da safe za su haɗu kowa ya ƙara hawa dokin zuciya, kowa da takardarsa mai kyan Faransanci. Rikicin da gaisuwa da ban haƙuri za su kashe sai ya zama fayil.

Maganin wannan yana hannun mai tambaya. Maimakon ya nemi na'ura ta ba shi gaskiya, ya sa ta tsaya a matsayin abokin saɓanin nasa. Ya ce mata, "Ga abin da ya faru tsakanina da abokin aikina. Faɗa mini yadda shi zai ba da wannan labari idan shi aka tambaya. Nuna mini inda nake da laifi, kada ki lallashe ni. Waɗanne tambayoyi ya kamata in yi masa kafin in yanke hukunci?" Wanda ya yi haka ya mai da wayarsa madubi, kuma zai je wurin ɗan'uwansa da kunne a buɗe. Wani gwaji da masanan kamfanin DeepMind suka yi da mutane fiye da 5000 a Birtaniya, wanda aka buga a mujallar Science cikin watan Oktoba na 2024, ya nuna cewa na'ura tana iya taimaka wa masu saɓanin ra'ayi su samu matsaya guda. Sai dai a wancan gwajin kowane mutum ya rubuta ra'ayinsa, na'urar ta tattara duka, aka kuma mayar wa kowa ya duba ya yi gyara. Da aka ji ta bakin kowa ne abin ya yi kyau.

Haka batun yake wajen shawo kan mutane. Ma'aikacin da ke son neman ƙarin albashi, ko ɗan kasuwar Maraɗi da ke son mai kawo masa kaya ya ɗaga masa ƙafa, ko shugabar ƙungiyar mata da za ta je gaban masu ba da tallafi, duk suna iya cewa na'ura ta zama mutumin da za su fuskanta, ta jefo musu tambayoyi masu wuya, su yi ta gwada amsawa har bakinsu ya saba. Wannan shiri ne mai kyau, kamar ɗan kokowar da ke gwada ƙarfi da abokansa kafin ya shiga fili. Amma akwai iyaka tsakanin gamsar da mutum da yaudararsa. Wanda ya ce wa na'ura ta nemo masa kalmomin da za su tsorata ƙaramin ma'aikaci ya sa hannu a takardar da za ta cuce shi, ko ta ƙawata masa alƙawarin da ya san ba zai cika ba, ya sani cewa zaluncin nasa ne shi kaɗai, don ba a kai waya kotu.

Haɗari na biyu shi ne ƙarya mai kama da gaskiya. Na'urar nan tana jera kalmomi ne bisa abin da ya fi kama da daidai, kuma idan ba ta san abu ba tana iya ƙirƙiro shi ba tare da muryarta ta yi rawa ba. A watan Yuni na 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5000 saboda sun gabatar wa kotu da hukunce-hukuncen da ba a taɓa yanke su ba, ChatGPT ne ya ƙaga musu su. Idan lauyoyi sun faɗa wannan rami, ina ga ma'aikacin da zai rubuta wa mai kamfani cewa sashe kaza na dokar ƙwadago ya ba shi haƙƙi kaza, alhali sashen babu shi, ko kuma na dokar Faransa ne? Dokar ƙwadago ta Nijar ita ce mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga watan Satumba na 2012. Duk lambar sashe ko adadin kuɗi ko kwanan wata da na'ura ta bayar, a je a duba shi a cikin dokar kanta, ko a tambayi wakilan ma'aikata da ƴan sandika, kafin a sa hannu.

Na uku shi ne sirri. Abin da mutum ya rubuta wa na'ura ba cikin wayarsa yake tsayawa ba, yana tafiya ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya mallake ta a wata ƙasa. A shekara ta 2023 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan na'urori a kan kayan aikin kamfani, bayan an gano cewa wasu sun zuba bayanan sirri na aiki a cikin ChatGPT. Mu a nan abin da muke tsoro ya haɗa har da mutuncin mutane. Shugaban da ya kwafe sunan ma'aikaciyarsa da albashinta da rashin lafiyarta da matsalar aurenta ya zuba wa na'ura don neman shawara, ya fitar da amanar da aka ba shi. Tun shekara ta 2017 ƙasarmu ta yi dokar kare bayanan da suka shafi mutum, aka kuma kafa hukumar HAPDP domin wannan aiki. Ko ba don doka ba, ladabi ya isa ya sa a cire sunaye da duk alamar da za ta sa a gane mutum kafin a nemi shawara.

Na huɗu, wanda muke ganin ya fi shafar al'adarmu, shi ne ɓuya a bayan takarda. A watan Fabrairu na 2023, bayan wani ɗan bindiga ya kashe ɗalibai 3 a jami'ar jihar Michigan, wani ofis na jami'ar Vanderbilt ya aika wa ɗalibansa saƙon jaje, sai ga shi a ƙasan saƙon an bar shaidar cewa da ChatGPT aka rubuta shi. Ɗalibai suka fusata, ofishin ya fito ya ba da haƙuri. Kalmomin saƙon ba su da aibi, abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne ganin cewa waɗanda ya kamata su ji zafin abin ba su ɓata lokacinsu sun nemo kalmomin da kansu ba. Idan haka ta faru a Amurka, ina ga ƙasar da ake cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma? Ta'aziyya da ban haƙuri da sallamar ma'aikaci da yi wa na ƙasa faɗa, duk ayyuka ne na ƙafa da baki. Mai gadin da ya shekara 20 a ƙofar ma'aikata, idan ya yi kuskure, haƙƙinsa ne darakta ya kira shi gefe ya ce, "Baba, me ya faru?" kafin a kai ga wata takarda.

Sannan na'urar ba ta gama sanin mu ba. Daga rubutun da ke kan intanet ta koyi magana, Hausar da ke can kuwa ba ta kai ko kusa da Ingilishi da Faransanci ba, balle Hausar Adar ko ta Gobir ko ta Damagaram. Tana iya ce wa dattijo "kai" tsirara a inda yaro mai tarbiyya zai ce "ranka ya daɗe" ko "Malam" ko "Alhaji". Tana iya ɗaukar jaka biyar a matsayin jakunkunan kaya, ko ta ɗauki dala ashirin ɗinmu a matsayin kuɗin Amurka. Shawararta kuma sau da yawa ta ofisoshin Turai da Amurka ce, inda ake ce wa ƙarami ya kalli babba ido cikin ido ya faɗi damuwarsa kai tsaye. A wurinmu akwai maganar da sai an bi ta hannun wani babba, akwai wadda sai an fara da doguwar gaisuwa, akwai kuma wadda wasa ke kashewa. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Buzaye da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a shekara ta 2014 da sunan Nijar, ya sha sauke tukunyar da ta kusa ƙonewa a biro da kasuwa da tasha. Mai neman shawarar na'ura sai ya gaya mata shekarun mutumin da matsayinsa da irin dangantakar da ke tsakani, bayan ta amsa kuma ya tace amsar da hankalinsa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu na gwamnati da na masu zaman kansu da su daina yin kamar ba su san abin da ke faruwa ba. Hana amfani da na'urar kwata-kwata ba zai yiwu ba, tunda tana cikin aljihun kowa. Abin da ya dace shi ne kowace ma'aikata ta zauna da ma'aikatanta ta fitar da ƙa'ida a rubuce, wadda za ta fayyace irin aikin da aka yarda a sa na'ura, da bayanan da aka haramta zuba mata, ta kuma tabbatar da cewa duk wanda ya sa hannu a takarda shi ke da alhakin kowace kalma da ke ciki. Kada kuma a yarda a hukunta ko a kori wani ma'aikaci bisa shawarar na'ura ba tare da an zaunar da shi an ji ta bakinsa ba.

Ƙungiyoyin ƙwadago su ma suna da aiki a gabansu. Su koya wa mambobinsu yadda ake rubuta umurni mai kyau da yadda ake tantance amsa, su kuma riƙa tunatar da su cewa hanyoyin sasantawa da doka ta tanada suna nan. Akwai wakilan ma'aikata a cikin kamfani, akwai sufeton ƙwadago da ma'aikaci ko mai ba da aiki ke iya kai masa saɓaninsu don ya sasanta su, in abin ya faskara kuma akwai kotun ƙwadago. Duk waɗannan wurare an gina su ne a kan kiran ɓangarori biyu. Makarantun da ke horar da sakatarori da akawu da jami'an mulki kuwa lokaci ya yi da za su sa wannan darasi cikin karatunsu, tare da darasin riƙon amana.

Ga ma'aikaci kuma, ɗan'uwa ko ƴar'uwa, shawararmu ita ce, ka gaya wa na'ura gaskiya har da wadda ba ta yi maka daɗi ba, ka nemi ta nuna maka laifinka kafin na wani, ka ɓoye sunayen mutane, ka binciki duk wata doka ko lamba da ta ba ka, ka karanta abin da ta rubuta da babbar murya ka ji ko maganarka ce. Idan ka gama duk wannan, ka ajiye wayar ka taka zuwa biron abokin aikinka ka yi masa sallama. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma gobe da shi za ka sake zama, ku sha shayi a buta ɗaya.

Allah ya ba mu zaman lafiya a wuraren neman abincinmu, ya kuma tsare mana bakinmu da alƙalumanmu.